Ƙwaryar Tsohuwar Juma'a

Kwanakin baya na je wata ta'aziyya can bayan Mai'adua, a kan hanyar Kongolam. Da muka taso sai na roƙi direba ya ɗan rage gudu a wani wuri. Ya rage, na leƙa ta taga, na duba gabas na duba yamma, ban ga komai ba sai gidan mai da shagunan bulo da samari a kan babura sun ɗaure jarkoki har ba a ganin ƙeyarsu. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Hajiya, wani abu kika yar?" Na ce mata a'a, gidanmu nake nema. Ta yi dariya, ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Ni kuwa da gaske nake yi. Daidai inda famfon man nan yake tsaye, nan turmin uwata yake a gindin wata aduwa, nan kuma unguwar kutare take. To, ga shi na faɗa tun da wuri, don kada wani ya kai tsakiyar labari sannan ya ce na yaudare shi: ni 'yar kuturwa ce. Wanda abin ya dama yana iya ajiye takardar nan ya je ya wanke hannunsa.

Yaran yanzu da yawansu ba su taɓa ganin hannun kuturu ba. Magani ya zo ya yi aikinsa, alhamdu lillahi. Amma kalmar tana nan daram a bakinsu, da ita suke zagin wanda ƙwallo ta suɓuce masa ko wadda ta fasa faranti. A zamaninmu ba zagi ba ce kawai, unguwa ce guda, mai rijiyarta daban da hanyarta daban, nesa da gari kamar tafiyar da za a ji kiran salla sama-sama. Ina goye aka ga tabon a jikin Inna, mahaifina ya sallame ta, ta ɗauki tabarmarta da ni ta koma can. Ta sha maganin asibiti shekara da shekaru har aka ce mata ciwon ya mutu, sai dai yatsun da suka tafi ba su dawo ba, kuma mutanen gari ba ruwansu da abin da likita ya ce. Ni dai da na buɗe ido na ga duniya, haka na ga hannun uwa yake, dungulmi biyu masu ɗumi da suke shafa min mai. Sai da na yi wayo na gane wai hannun sauran mutane ne daidai, nata ne abin gudu.

Har gobe ina jin sautin unguwar nan a kunnena. Da sassafe zabi su fara surutunsu a kan aduwa, jakuna su amsa, can kuma raƙuman masu kanwa su wuce daga arewa suna gurnani. Amma abin da ya fi zauna min shi ne daka. A cikin gari 'yan mata suna lugude, su cilla taɓarya sama su tafa su cafe. Matan unguwarmu ba su da wannan gatan. Da tsumma ake ɗaure musu taɓarya a wuyan hannu, ni nake ɗaure wa Inna tata, in ja kullin da haƙori. Dakansu ba ya da ado, dum, dum, a hankali, amma ba ya tsayawa sai gero ya yi gari. Suna yi suna tsokanar juna, wannan ta ce wa waccan ta rage kwalliya kada sarkin kutare ya hango ta, a kwashe da dariya har taɓarya ta goce. Ban taɓa zama inda ake dariya kamar wurin nan ba. Yanzu ko a cikin Daura sai ka wuni ba ka ji turmi ba, inji ne ke ta ihu a bakin layi, mata na tsaye da robobi kowacce ta ƙura wa wayarta ido.

A wurin Inna na koyi aikin gida, don haka irin nata na koya. Ita ba ta ɗaukar tukunya da yatsu, tsakanin wuyan hannu biyu take matse ta da tsumma, ni ma haka na tashi ina yi alhali yatsuna goma lafiya lau. Ƙwarya ma haka, da tafin hannu biyu, yatsu a miƙe kamar ba nawa ba. Babban aikina kuwa shi ne ƙafarta. Ciwon ya kashe mata ji, ko garwashi ta taka ba ta sani ba sai ta ji ƙauri. Don haka kullum kafin magariba za ta zauna a kan turmin da aka kifar, in kawo kasko da ruwa ta jiƙa ƙafafun, in ɗora su a cinyata ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Ƙayar aduwa, ƙarangiya, tsinken kara, duk in bi su da hantsaki in cire, in shafa man kaɗe. Takan ce min, "Ke ce idon ƙafata, 'yar nan. Duba da kyau. Ciwon da ake ji ai da sauƙi, mutum ya yi ihu a zo a taimake shi. Wanda ba a ji ɗin nan shi ya cinye min yatsu." Ina jin ta ne kawai a lokacin, hankalina yana kan in gama in tafi wasa.

Da na fara zama budurwa sai ga Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo daga Daura. Ba ta shiga unguwar ba, a bakin hanya ta tsaya ta aika a kira Inna, suka yi magana da tazara a tsakaninsu kamar masu cinikin sa mai tunkuyi. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, ta ce za ta riƙe ni ta aurar da ni gidan mutunci, amma da sharaɗi: a Daura za a ce uwata ta rasu wajen haihuwata. Na zaci Inna za ta zage ta. Ina! Ita ce ma ta fi Gwaggo zafi a kan maganar. Ta ɗaure min 'yan tsummokarana, ta ce, "Daga yau na mutu, kin ji ko? Duk wanda ya tambaye ki, na mutu. In kika sake kika faɗa, ban yafe ba." Na yi kuka na riƙe zanenta, na ce to wa zai duba miki ƙafa? Ta ture ni da dungulminta ta ce ba a rasa ba. Ba ta yi hawaye ba sai da ta ɗauka na yi nisa.

A gidan Gwaggo aka sake min tarbiyya tun daga yatsu. Duk ranar da na matse tukunya da wuyan hannu sai muciya ta sauka a bayana. "Da yatsu, don ubanki! So kike a gane?" Haka na koyi riƙe moɗa da cokali kamar yarinyar da aka yaye jiya. Na koyi cewa "Allah ya ji ƙanta" in an ambaci uwata, na koyi sunkuyar da kai in mutane sun ce amin. Aka aurar da ni ga wani mai cinikin dabbobi a kara, mutum mai haƙuri, ɗan gidan mutunci kamar yadda Gwaggo ta yi alkawari. Na haihu, na yi ƙiba, na sa zinariya a kunne. Duk wanda ya gan ni ya ga matar da Allah ya rufa wa asiri.

Bayan haihuwata ta fari, wata Juma'a da hantsi, sai na ji sallama a zaure, muryar da ko a kabari na ji ta zan gane. "A taimaka mana don Allah, masu gida." Na fito, ga Inna tsaye da sanda. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ce, "Uwar gida, a ba ni ruwa." Idonta kuwa yana kan goyon da ke bayana. Daga ranar ta mai da shi al'ada. Takan biyo motar 'yan kasuwa ta zo Daura neman sadakar masallacin Juma'a tare da sauran kutare, sai ta ratso ta ƙofarmu. To, kun san yadda ake yi. Ba a ba kuturu ruwa a moɗar gida. Ƙwarya daban ake ware masa, a rataye ta a ƙusa a zaure, in ya zo ya tara, a tsiyaya masa daga sama yadda bakin moɗa ba zai taɓa bakin ƙwarya ba. Ni da kaina na buga ƙusar. Shekara fiye da ashirin ina tsaye ina tsiyaya wa uwata fura daga sama, tana cewa Allah ya yi albarka, Allah ya raya zuri'a. 'Ya'yana suka sa mata suna Tsohuwar Juma'a. Maigidana in ya fito zai tafi masallaci sai ya jefa mata 'yan canji a ƙwarya ya wuce, ko tsayawa ba ya yi.

Mutane suna ɗauka ɓoye abu aikin baki ne, ka rufe shi shi ke nan. Ba su sani ba, aiki ne na dukkan jiki, kuma ba shi da hutun salla. Allura nake ajiyewa a gefen zanena, in na kaɗaita sai in tsira wa kaina a yatsa, a dunduniya, a gwiwar hannu, don in tabbatar har yanzu ina ji. Sai na ji zafi hankalina yake kwanciya. Duk ɗan da na haifa, wankansa bincike ne, in juya shi gaba da baya a rana ina neman tabo. Ƙyasbi ya taɓa fito wa ɗana a wuya, na kwana uku ko tuwo ban iya haɗiya ba. Tun daga ranar Alhamis kaina yake fara sarawa, ranar Juma'a kuwa kowa a gidan ya san ba a yi min wargi. Unguwa duk ta sa min suna mafaɗaciya, kuma ba su yi ƙarya ba. Ban taɓa yin aminiya ba, don aminci sai da labari, ni kuwa labarina na aro ne, kullum ina tsoron kada in manta abin da na faɗa wa wance bara. In mata sun taru ana kwaikwayon yadda kuturu yake karɓar sadaka, dariyata ta fi ta kowa ƙarfi, in koma ɗaki in rufe ƙofa. Da azumi maƙwabta sukan tuna min in yi wa mahaifiyata sadaka, sai in dama kunu da sunan mamaciya in tsiyaya wa mai rai a ƙwaryar zaure. A hankali har na daina jin komai in na gan ta. Sai in tsiyaya in juya, kamar mai ba akuya ruwa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, don na tuna maganarta a kan ciwon da ba a ji.

Sai ga shekarun da aka ƙaddamar da shari'a. Gari ya ɗauki wa'azi, lasifika ko'ina, mata muka dogaita hijabi muka cika makarantun Islamiyya na matan aure. Ni ma na shiga, a nan na koyi karatu da rubutun da nake yi yanzu, kuma ba zan taɓa raina wannan alheri ba. Amma a nan ne kuma abin ya fara ci min tuwo a ƙwarya. Malamarmu ta ɗauki makonni tana karantar da haƙƙin uwa, mata na sharar hawaye, ana juyowa ana ce min, "Ke dai Allah sarki, ba ki ma san taki ba." Waɗannan matan dai su ne in mun fito muka tarar da kutare a bakin masallaci sai su tattare hijabi su raɓa bango. Aka kafa masu raba zakka, ana auna wa miskinai gero, amma daga sama ake zuba musu a buhu. Na duba na ga kowa ya ƙara tsawon riga, ƙusar zaure kuwa ba wanda ya cire tasa. Nan tsoron da na daɗe ina dakonsa ya fara rikiɗa yana zama haushi. Na fara tambayar kaina: wai shin me matar nan ta yi? Sata ta yi, ko zina, ko ta ci dukiyar maraya?

A cikin wannan yanayi ne 'yata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, ta samu miji. Ɗan gidan malamai ne, yaro mai natsuwa, kuma tana son sa kamar ranta. An kawo kuɗin gaisuwa, dangin yaron sun yi bincikensu, sun je har garin mahaifina an ce musu ai uwar ta rasu tuntuni, don dangin uba ma sun fi son haka. Saura sa rana. Sai gwaggon yaron, wata Hajiya mai faɗa a ji a gidansu, ta aiko za ta zo da mata biyu su gaishe mu su ga yarinya. Ranar da ta zaɓa Juma'a ce. Na yi ta addu'a Allah ya sa motar ƙauye ta lalace. Ku ji fa, addu'ar da 'ya take yi wa uwarta ke nan.

Mun shimfiɗa musu darduma a rumfa, ga fura ga nono, ana ta barkwanci, sai na ji sallamar nan. "A taimaka mana don Allah, masu gida." 'Yata ta miƙe da moɗa kamar yadda ta saba, ni ma na bi ta don in sallami tsohuwar da wuri. Ina shiga zaure idona ya sauka ƙasa. Tun daga bakin ƙofa har inda take tsaye, sawun jini ne, ɗaya bayan ɗaya, na ƙafar hagu kaɗai. Takalminta na taya ɗaya ya salwanta wajen sauka daga mota, ta tako fasasshiyar kwalba, ta taho da ita a ƙafa tun daga tasha. Tana tsaye tana murmushi tana miƙo ƙwarya, ba ta san komai ba.

Hajiyar ta biyo mu don ta ga abin da ya tsayar da mu. Tana gani ta ja da baya ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Subhanallahi! Ke yarinya, matsa daga nan. Ku ba ta abin da za ku ba ta ta tafi, a kawo toka a zuba. Ai irin waɗannan ba a barinsu su shigo har zaure."

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Gwiwoyina ne suka tuna aikinsu, sai gani na yi na durƙusa.

"Inna, zauna."

Ta yi kamar ba da ita nake ba. Na sake cewa, "Inna, zauna, kin taka kwalba."

Sai ta ɗaga murya yadda baƙin za su ji. "Wace ce innarki? Uwar gida, kin rikice ne? Ni almajira ce, ban san ki ba sai a bakin ƙofar nan. Hajiya, ku yi haƙuri, tausayi ne ya yi mata yawa, kowace tsohuwa inna take ce mata."

Ta juya za ta fita, tana ƙara taka kwalbar. Na riƙe zanenta kamar ranar da aka raba mu, amma wannan karon ba ta da ƙarfin ture ni. Na zaunar da ita a dakalin zaure, na ɗora ƙafar a cinyata a kan atamfar da na ɗinka don baƙi. Na ce wa 'yata ta kawo ruwan ɗumi a kwano da hantsakin babanta. Ta tsaya tana kallona baki buɗe, sai da na daka mata tsawa.

Hajiyar ta ce, "Baiwar Allah, ban gane ba. Ba ke aka ce mahaifiyarki ta rasu ba?"

Na ce, "Ni ma haka na yi ta faɗa, Hajiya. Ga ta nan, ba ta rasu ba. Ita ta haife ni, ita ta shayar da ni, da hannun nan da kike gani ta yi min tuwo har na girma. Kakar yarinyar da kuka zo gani ce."

"Amma kin cuce mu! Da an ɗaura fa? A haɗa mana jini da wannan?"

"Jinin ga shi nan a ƙasa, ki duba da kyau, ja ne irin naki. Ciwon ya mutu tun ba a haifi ɗanku ba. Ni na kwana a jikinta shekara da shekaru, ga yatsuna, ƙirga su. In kuna so ku aura, in ba kwa so ƙofa a buɗe take, sai dai ku bi a hankali kada ku taka."

Na zare kwalbar, na wanke, na ɗaure da gefen ɗankwalina. Sannan na ɗauki ƙwaryar nan, na zuba fura baki da baki ba daga sama ba, na kafa kai na sha, na miƙa wa Inna sauran. Da tafin hannu biyu na ɗauke ta, yatsu a miƙe, ban ma lura ba sai da na ga idon Hajiyar a kan hannuna. Suka yafa mayafansu suka fita ba sallama.

Kada wani ya zaci daga nan aka yi ta murna. Kafin la'asar an aiko a mayar da kuɗin gaisuwa. 'Yata ta kulle kanta a ɗaki, kukanta har maƙwabta. Inna kuwa ta wanke ni tas. "Kin kyauta! Shekara nawa ina haɗiye zuciyata a bakin ƙofar nan don yarinyar nan ta shiga gidan mutunci, kin zubar a wuni ɗaya saboda ƙafa. Ƙafar me? Ƙafar da ko jin ta ba na yi?" Na ce mata ni ina ji. 

Maigidan ya dawo daga masallaci ya tarar da gida a hargitse. Na faɗa masa komai a tsaye, na riga na ɗaure kayana a zuciya. Da na gama sai ya ce, "Yanzu ke nan shekara ashirin da wani abu ina wuce surukata da takalmi a ƙafata? Ina jefa mata canji kamar mai jifan kaza? Wannan wace irin kunya kika ja min?" Ya fita zaure, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna ya sunkuyar da kai ya gaishe ta kamar yadda ake gaida suruka. Inna ta rasa inda za ta sa kanta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa ya yi wata guda ba ya cin tuwona, kuma na san ba duka fushin ba ne na kunya, akwai na maganar mutane a kara. Amma shi ya sa aka gyara mata ɗakin da ke kusa da nawa, da hujjar sai ƙafa ta warke. Ƙafar ta warke, ba wanda ya sake tayar da maganar tafiya.

A Islamiyya wasu suka janye tabarmarsu daga tawa. Na bar su, wuri ya ƙara min faɗi. Wasu kuma suka riƙa zuwa a ɓoye suna raɗa min nasu, wannan ƙaninta mai farfaɗiya ne a kulle a ɗaki, waccan kakanta bawa ne. Ashe rabin layin kowa da abin da ya rataye a zaurensa. 'Yata ta yi watanni ba ta haɗa ido da ni. Ba zan ce ba ta yi asara ba, ta yi, yaron nan ya auri wata tana ji tana gani, kuma har yau in an ambace shi sai ta tashi ta ba da wuri. Amma wata rana kafin magariba na fito da kwanon ruwa sai na tarar ta riga ni, ƙafar kakarta na cinyarta, tsohuwar na nuna mata inda ƙaya take ɓuya. Daga baya ta auri wani malamin makaranta, wanda tun ranar da ya fara zuwa na sa aka shigo da shi ya gaida Inna kafin ya ga yarinyar.

Inna ta yi shekaru tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo ta'aziyya aka ce Allah ya ji ƙanta, ranar ce na fara cewa amin ba a kan ƙarya ba. Allurar nan na daina, ciwon kan Alhamis ya tafi, faɗan ne dai ya riga ya zama hali. Jikokina ma har yanzu in na yi musu wanka sai na juya su a rana, wannan kam da shi za a binne ni.

Unguwarmu ta zama gidan mai, aduwa ta zama itacen girki, turmi ya yi shiru. Abin da ya rage min ƙwaryar nan ce. Na cire ƙusar da hannuna, ƙwaryar kuma ta tsage na kai an ɗinke min ita har sau biyu. Yaran gidan suna ta saya min kofuna masu fure suna cewa in jefar da tsohon abu, ni kuwa na ce ba a haifi mai jefar da ita ba. Duk baƙon da ya shigo gidana, malami ne ko hajiya, a cikinta nake kawo masa ruwa, da tafin hannu biyu, kuma sai na faɗa masa ta wace ce kafin in miƙa. Da yawa suna sha. Wanda ya ce ya ƙoshi ba na yi masa dole, ba na kuma kawo masa wani kofin. Ya tashi ya tafi da ƙishinsa.